Ƙugiyar da Ƙura Ta Yi

Ta ajiye agogon a gaban mai gyaran agogo ba tare da ta dube shi ba.

"Ga kyautarka na dawo da ita. Yaya ya ce wanda bai taɓa buɗe baki ya ce yana so na ba, ɓata min lokaci yake yi."

Ya tsayar da agogon, ya cire gilashinsa, ya karɓi wayarta, ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a idon kyamarar don ya ƙara wa hoto girma.

"Matso da ita daf da siririn hannun agogon nan. Riƙe numfashi, sannan ki ɗauka."

Hoton farko ya fito dishi-dishi. A na biyu, hannun da bai fi gashi kauri ba ya cika fuskar wayar kamar ƙarfen gada. Ga rubutu a jikinsa.

"Ƙi," ta karanta. "Ashe kai ma abin da ke ranka ke nan."

Ya leƙa, ya hure wurin a hankali. "Ƙura ce ta yi wa harafin ƙugiya. Sake ɗauka."

Ki. Sauran hannayen biyu kuwa: Ina. Son.

Ta ɗago ta dube shi. "Tun yaushe?"

"Wata bakwai kina yawo da shi."

Ta miƙa masa hannu. "Ɗaura min. Amma ka faɗa da baki, Yaya ba ya ganin ƙananan rubutu."