Ranar da Mama Ta Buɗe Ƙofa

Iƙamar Baba, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar da muke baƙunci, aikinsa na tuƙi, da ɗakinmu a unguwar Sa'alaba: abin da muke tsoron rasawa ke nan idan aka san muna sujadar Kirista a gida, abin da aka hana a ƙasar. Shi ya sa kowace Juma'a mukan rufe taga, mu kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙararsa ta danne waƙarmu.

Ina shekara tara. Kawu Bitrus yana tsakiyar karatu aka buga ƙofa da ƙarfi. Maƙwabciyarmu ce, Hajiya Zara, tana kuka: 'yarta na naƙuda, maza sun tafi masallaci.

Kawu ya ɗaga hannu. "Kowa ya yi shiru. Ba mu gama ba."

Mama ta miƙe, Littafi Mai Tsarki a hannunta. "Yaya, tun ɗazu muke kiran Allah, ga shi ya aiko. Halas, shi ke nan."

Ta buɗe don ta je ta taimaka. Hajiya ta ga komai, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Yau shagunana biyu, ba na fashin sujada. Amma sau nawa mabukaci ya tsaya a gabana na ce ban gama ba? Wannan asarar, ta rasa halin Mama, ita ce take hana ni sukuni.