Bargon Kande

Tun da aka fara dasa wa mutane wasu korayen ƙwayoyi irin na ganye a fata, rana ta zama abinci. Na Lantana sun kama. Ta sha maganin ƙarfe da farar wuta, ta yi shar kamar alayyahu, har maƙwabta na leƙowa. Na yayarta Kande ƙememe suka ƙi, ita kaɗai ke hura wuta a unguwar.

Da hantsi Lantana ta baje a tsakar gida. Kande ta jiƙa bargo, ta shanya daidai kan Lantana.

"Yaya, kin tare min rana. Yunwa nake ji."

"Ga tuwo can a tukunya," in ji Kande, tana ƙara buɗe bargon.

Ta fi kowa sanin cikin Lantana ya daina karɓar abinci tun bara.