Cunkoson Titin Asibiti

Tun da ambaliya ta koro mutanen ƙauyuka cikin birni, tituna suka cushe har mutum ba ya iya ɗaga ƙafa sai na gabansa ya gusa. Tanimu ya san haka, amma da naƙuda ta kama matarsa Ladidi, ya faɗa cikin taron don kiran ungozoma.

Rana ta take, bai wuce bakin layinsu ba.

"Baba, don Allah ɗan matsa mini," ya roƙi dattijon da ke gabansa. "Matata na kan gwiwa."

"Ina zan matsa, ɗana? Da na shigo, mukan yi taku kullum. Yanzu sai a yi sati ba a gusa ba."

Tanimu ya yunƙura zai koma gida, ya tarar baya ma ta toshe. Ya yi ta ƙwala kiran Ladidi har muryarsa ta dushe.

Washegari saƙo ya iso, daga baki zuwa baki: ta sauka ita kaɗai, an samu mace, ana tambayar suna.

Hawaye na zubo masa, ya raɗa wa na bayansa, "Rahama." Ya bi kawunan mutanen da kallo, suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa sunan zuwa gidansa.