Allurar da Sajan Pyo Ya Ara

Allurar ta suɓuce daga yatsun Sajan Pyo Dong-cheol masu maiƙo, ta gangara kan siminti, ta faɗa magudanar ruwa yana ji yana gani. Ɗan siririn ƙarfe ne, amma shi ke dukan gindin harsashi. In babu shi, bindiga ba ta fi sanda ba.

Ranar Talata ce, ana goge bindigogi a bayan ɗakin kwana. Alhamis Pyo zai hau mota zuwa Mokpo, don ranar Juma'a za a yi wa mahaifiyarsa aikin zuciya, kuma shi kaɗai ta haifa.

Ya san dokar barikin nan na tsaunukan Cheorwon kamar yunwar cikinsa. Ka ce ka ɓatar da allura, a cika takardu, a jira sabuwa mako uku. Hutu kuwa, sai dai ka ji ana yi.

Kusa da shi Eom Jae-yun ne, sabon kurtu, ya jera sassan bindigarsa a kan tawul. Wata huɗu ke nan Pyo yana gasa masa aya a hannu: tsallen kwaɗo, wankin safa, har wasiƙar uwarsa ya taɓa karantawa a gaban jama'a da muryar mata. Shi dai bai ɗauki wannan mugunta ba. Haka aka yi masa, haka ake yi.

"Kai, Kunkuru, jeka kanti ka sayo mini taliya. Bar bindigar, zan haɗa maka."

"Yallaɓai?"

"Kurma ne kai? Yau ɗaya na ce zan yi maka alheri."

Kafin Eom ya dawo, bindigogin biyu sun haɗu tsaf, allurarsa tana cikin ta Pyo. Daga waje ba mai ganewa, ba kuma za a je filin harbi ba sai bayan mako biyu. Kafin nan Pyo ya dawo da wata allurar, don an ce akwai mai shagon kayan soja a bakin tasha da ba ya rasa irin waɗannan. Aro ne kawai, in ji shi.

Laraba da la'asar gadi ya faɗo kan su biyun, can saman tudu, inda ake riƙe harsashi na gaske. Eom bai ci abincin rana ba, ya kuma rabar da biskit ɗinsa kaf. Pyo ya jingina da buhunan yashi yana kallon wayar iyaka, hankalinsa yana Mokpo. A bayansa kurtun sai ƙarafniya yake yi.

"Ka ƙara taɓa bindigar nan, sai ka kwana a tsaye," Pyo ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Lokaci ya yi, aka karɓe su. Suna saukowa Eom ya yi amai a gefen hanya, ya goge baki, ya wuce kai tsaye ofishin Laftanar Gil ya ce babu allura a bindigarsa.

Nan take aka garƙame ƙofar bariki, aka soke hutun kowa. Safiyar Alhamis mutum arba'in suka yi layi a kan gwiwa suna laluben ciyawa, kowa yana tsine wa Kunkuru. Pyo yana cikinsu lokacin da motar ƙarfe tara da zai hau ta wuce ƙasan tudu. Da rana ya zura waya a magudanar ya lalube, laka kawai ya ciro.

Ya tafi wurin laftanar, hula a hannu.

"Na san batun mahaifiyarka," Gil ya ce. "Kawo mini allura, ni da kaina zan kai ka tasha."

To, gaba kura baya siyaki. In ya faɗi gaskiya, satar kayan makami ce, gadirum zai kwana. In ya yi shiru, ƙofa ba za ta buɗe ba. Mahaifiyarsa ta ce masa a waya kada ya damu, maƙwabciya za ta raka ta. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, ya shiga banɗaki ya yi kuka.

Amma abu ɗaya ya hana shi sakat. Ba ranar goge-goge ba ce, ba a yi harbi ba. Me zai sa kurtu ya kwance bindigar da take haɗe lafiya?

Ya ritsa Eom a bayan sito, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Uwata ce za a tsaga gobe, ka sani? Uban me ya kai ka buɗe ta?"

Karon farko a wata huɗu, Eom bai sunkuyar da kai ba.

"Ƙin tashi ta yi, yallaɓai."

"Tashi a ina? Wa ya yi harbi a barikin nan?"

"A wurin gadi. Na ja kunamar tana saitin ƙeyarka."