Allurar Ƙarfe Bakwai

Ƙarfe bakwai daidai, Mai Agogo ya buɗe firij ya ɗauko 'yar kwalbar insulin, ya murza ta a hankali tsakanin tafukansa. Ba a girgiza ta, likitan dabbobi ya ja masa kunne tun ranar farko. Ya jira Gimbiya ta cinye rabin abincinta, ya ɗaga fatar ƙeyarta da yatsu biyu, ya tsira allura. Layi biyu na sirinji da safe, layi biyu da yamma. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara wa jama'a agogo ba zai bari kyanwarsa ta makara ba.

Ranar da ya dawo gida da labarin ciwon kyanwar, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yau na ga ikon Allah, mage da ciwon suga! Saura hawan jini, sai mu yanka mata kati."

Tsohuwar nas ce, amma da ya nemi ta taimaka sai ta watsa masa hannu. "Shekara talatin ina tsira wa mutane allura, ban yi ritaya don in koma kan mage ba." Ko sunan kyanwar ba ta kira, sai dai "abar nan taka".

A wata na uku Gimbiya ta faɗi tsakiyar falo tana karkarwa, ido a juye. Da ƙyar zumar da aka shafa mata a dasashi ta dawo da ita. Likita ya ce kamar maganin ya yi mata yawa, ya kuma tambaya cikin ladabi yaushe rabon Baba da gwajin ido. Nan Mai Agogo ya hau sama. Shi da ke tsintar sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba? Shagon ma da ya rufe, ai ciwon baya ne ya sa, kowa ya sani, don shi da bakinsa ya gaya wa kowa.

Daga wannan rana matar ta karɓe sayen maganin, wai in shi ya fita sai ya gaisa da kowane falwaya kafin ya dawo. Kullum kuma da ya zare allura sai ta kora kyanwar kicin da tsintsiya ta turo ƙofa, wai gara ta sa mata ido da ta bar ta tana zubar da gashi a kujeru.

Gimbiya ta yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi. Likita ya yaba, Mai Agogo ya dawo yana hura hanci.

"Hannu ne," in ji shi.

"Hannu ne kam," in ji matar, ta ci gaba da yankan albasarta.

Haka aka yi kusan shekara biyu. Wata Talata da hantsi matar ta zauna a bakin gado ta ce kanta na juyawa. Kafin mota ta iso rai ya yi halinsa, ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Gida ya cika da mutane, amma da bakwai ta buga Mai Agogo zai miƙe ya bar su ya nufi firij. 'Yarsa, wadda ta zauna don ta kula da shi, ta ƙyale shi, don ta ga abin da ke tashinsa daga kujera ke nan. Duk gidan, kyanwar ce kaɗai ke zuwa ƙofar kicin ta zauna tana jira, shi kuma ya tsaya a bayanta.

Sai Gimbiya ta fara shan ruwa kamar an aiko ta, tana fitsari ko'ina. Ta ci, ta rame. Ya ce kewa ce, ashe dabba ma tana kewar mai korarta. A mako na uku ta daina ci, ta koma amai.

Likita ya duba jini, ya dubi tsohon. "Baba, ka tabbata kana yi mata allurar?"

"Ban taɓa tsallake minti ɗaya ba."

Bai yi ƙarya ba. Kafin la'asar Gimbiya ta mutu a kan teburin ƙarfe, hannunsa a ƙeyarta. Likita ya ce a kawo kwalbar ya gani, ko maganin ne ya lalace.

A gida ya zauna bai cire takalmi ba, yana lissafa laifinsa bai gano inda ya kuskure ba. 'Yar ta buɗe firij, ta daɗe a sunkuye.

"Baba, kwalba biyu ce. Taka garai take kamar ruwa. Ga wata can ciki a robar bota, fara-fara, an naɗe ta da ɗan littafi."

"Karanta mini, rubutun ya yi ƙanana."

Daga shafukan ƙarshe ta fara buɗe littafin. Rana da lokaci ne a jere, safe da yamma, shafi bayan shafi, sun tsaya a safiyar Talatar nan. Ta koma shafin farko, ta fara karantawa da ƙarfi kafin ta gane rubutun mahaifiyarta ne.

"Ina kallonsa ya zuƙi layi goma yana cewa biyu. Na cika kwalbarsa da dafaffen ruwa, ni zan riƙa yi mata a kicin. Kada kowa ya gaya masa."