Jarka Biyu a Shingen Guider

"Idan sukari ne, sha mu gani," in ji jandarman, bakin bindigarsa yana kallon cibiyata.

A shingen binciken motoci na Guider ne, makon da bam ya tashi a Maroua. Ya sauke jarkokina biyu daga mota, fasinjoji suka ja da baya.

Na yi masa bayani da Faransanci mai tsabta. Karan dawa nake daddatsawa, in dafa da ruwan batir har taurinsa ya karye, in kashe kaifin, in tace ruwan sukarin da za a iya mayarwa man mota. Jarka ɗaya ruwan batir ce, ɗayar sukarin da zan kai wa masana.

"Baaba, ban tambaye ka darasi ba. Sha."

Ruwan sama ya wanke takardun da na manna musu. Jarkokin iri ɗaya ne, hancina kuwa ya daɗe da mutuwa. Idan na kuskure, maƙogwarona zai narke. Idan na ƙi, yatsansa na kan kunamar bindiga.

Na durƙusa ina kalmar shahada. Sai na ga kiyashi sun jero daga ciyawa, sun kauce wa jarkar dama, suna hawa ta hagu.

Na ɗaga ta hagu, na kurɓa. Zaƙi.

Shekara ashirin matata tana share su daga madafa tana cewa, "Malam, duk karatun nan naka kiyashi kaɗai ya amfana." Ta yi gaskiya, Allah ya jiƙanta. Su kaɗai ne kuma suka zo mini shaida.