Shukar Agadas a cikin kasko

Bari in ba ki misali. Wata mata ce mai ɗinki, ƙaninta direban babbar mota ya kawo mata ajiya daga Agadas, wata 'yar shuka a kasko, ba ganye ba reshe, curarriya kamar goruba, jikinta duk ƙaya. Ya ce shekara uku yana rainonta, ta riƙe masa amana sai ya dawo bayan sallah. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai daddawa da ake kira Iya, wadda ta taɓa zaman aure can arewa, ta leƙo ta katanga ta ce, "'Yar nan, wannan ba ta son ruwa. Ƙara mata yashi, ki bar ta a rana, ki manta da ita." Mai ɗinki ta ce to, amma a baki kawai. Wace irin shuka ce ba ta son ruwa? Ai tun ranar da aka kawo ta ta ga yadda Iya ta kafe kaskon da ido. So take ta bushe, in an yar ta zo ta tsince. Sai ta shiga ba ta ruwa safe da yamma, moɗa guda cur, tana yi tana waigen katanga.

Da shukar ta fara yin ɗorawa-ɗorawa, ta ce shi ke nan, bakin tsohuwar nan ya kama ta. Ta ɗauke kaskon daga rana ta tura shi bayan keken ɗinki, inda ido ba ya kaiwa, ta ƙara ruwa. Gaisuwa ma ta daina amsawa sosai. Ana saura kwana biyu ƙanin ya dawo ta taɓa shukar da bakin almakashi, sai ta lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir, wari ya tashi. Ta sunkuci kaskon sai gidan Iya, ta dire mata a gaba ta ce, "Ga aikinki nan."  Tsohuwa ta karkata kaskon kawai, baƙin ruwa ya kwararo har kan takalmin mai ɗinki. Mai ɗinki ta tsaya tana kallon ruwan, ta san moɗar da ta ɗebo shi, ta kuma san hannun da ya zuba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.